Dokar da ke Tsare Laƙabin Mai Jiyya da Kiɗa a Birtaniya

Hakimai da malamansu sun san ba mai kiran kansa Dagaci sai wanda aka naɗa, aka shigar da sunansa cikin littafi. To, haka nan a Birtaniya doka ta tsare laƙabin waɗansu ma'aikatan lafiya, cikinsu har da mai jiyya da kiɗa.

Wannan ma'aikaci dabam yake da makaɗin biki. Aikinsa shi ne ya yi amfani da kiɗa da waƙa wajen taimakon marasa lafiya, watau yara masu wuyar magana, da tsofaffin da ruɗewa ta kama, da masu taɓin hankali, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Irin waɗannan bayin Allah ba su iya rarrabe gwani da ɗan damfara. Dalilin kafa dokar ke nan.

Wata doka ta 2001 ita ce ta kafa majalisar da ke riƙe da littafin rajista. Majalisar ta fara aiki a 2002, tun 2012 kuwa ana kiranta HCPC. Ga sharuɗɗanta.

Na farko, sai mutum ya gama karatun digiri na biyu wanda majalisar ta amince da shi kafin a rubuta sunansa.

Na biyu, yakan sabunta rajista kowace shekara 2, ya tabbatar bai bar neman ƙarin ilmi ba.

Na uku, in an kai ƙararsa aka same shi da laifi, ana iya yi masa gargaɗi, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa ɗungum.

Na huɗu, wanda ya ɗauki laƙabin ba rajista da nufin yaudara ya yi laifi. Akan fara aika masa da takarda ya bari, in ya ƙi a kai shi gaban shari'a a ci shi tara.

Amma a lura, dokar ba ta hana kowa kaɗa wa majinyaci garaya don ya sami sanyin rai ba. Sunan ne kurum aka tsare, domin suna shi ke sa mutum ya miƙa amanar ɗansa da kuɗinsa.

Waɗansu ƙasashe ma sun bi wannan hanya. Dokar Ostiriya ta fara aiki a 2009. A Amurka kowace jiha da tata shawara, jihohin Nebada da Dakota ta Arewa suka fara ba da lasin a 2011.

Abin koyi ga masu riƙon jama'a a fili yake. Kowane baƙo ya sauka a gunduma yana da'awar laƙabin aikin lafiya, lalle ne a tambaye shi wace hukuma ta yi masa rajista, sa'an nan malami ya rubuta mata don a tabbatar kafin talakawa su kai masa marasa lafiyarsu.