Matakan Sauya Tsohon Rufin Gareji

Kafin ka tambayi kuɗin bandir ɗin kwano, fara sanin ko katako da bango za su iya da sabon rufin. Gareji ya fi ɗaki rauni, domin ƙofarsa na da faɗi, kuma galibi babu bangon tsakiya da zai tallafi rufin. A yi aikin da rani, tun iskar farkon damina ba ta taso ba.

1. Gane abin da ke sama. In tsohon asbestos ne, mai kauri ruwan toka, kada a fasa shi ko a yanka, don ƙurarsa na jawo cutar dajin huhu. A jiƙa shi da ruwa, masu aiki su sa takunkumi mai tace ƙura, a sauko da shi falle-falle. Kada kowa ya taka shi, burmawa yake yi farat ɗaya.

2. Bincika katako. Gara ciki take ci ta bar baya sumul, saboda haka ido kaɗai bai isa ba. Soka sukundireba a bakin kowane katako inda ya hau bango, da duk wurin da ya sha yoyo. Wanda ya lotsa, a cire shi. Sannan ja igiya daga wannan baki zuwa wancan. In tsakiyar katakon ta sauka ƙasa da igiyar, ya gaji.

3. Duba bango da linta. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, ko rodi mai tsatsa da ya fasa siminti ya leƙo, ko bangon da ya kwanta waje, duk sun fi ƙarfin faci. Nan sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya.

4. Lissafa nauyi. A kowace murabba'in mita, kwanon alminiyam kilo 2 ne ko ƙasa da haka, na ƙarfe kilo 4 zuwa 5, asbestos wajen kilo 15. Dakin, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 kuwa kilo 360 ne. Wanda ya sauke asbestos ya sa kwano ya rage wa gini kaya. Mai son zuba dakin a kan bulon da aka yi don kwano, ko ɗora tankin lita 1,000, wato tan guda na ruwa, kada ya fara sai injiniya ya ga harsashin.

5. Ɗaure rufin. Kwano marar nauyi ba ya danne gini, amma iska na yaye shi, musamman in ta shigo ta buɗaɗɗiyar ƙofar gareji ta tura shi daga ciki. A ɗaure katakon kan bango da rodi ko langa-langa da aka binne cikin kankare. Jera bulo a kan kwano ba ɗauri ba ne. A shafe sabon katako da maganin gara kafin a hau da shi.

6. Buga kwano. A fara daga ƙasa a yi sama, falle na sama ya hau na ƙasa da aƙalla santimita 15. Ƙusa mai hula da roba ake bugawa a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, inda iska ke fara kamawa.

7. Gwada. Wani ya kwarara ruwa a sama, kai kana ciki kana duba ɗigo. Sai ka tabbatar babu yoyo sannan ka buga silin, ka cika wa kafinta kuɗinsa.