Darasin lissafi: aikin sifiri

Wani manomi ya kai gujiya wurin awo. Ma'auni ya nuna kilo 205. Mai rubutu ya yi sauri, ya rubuta 25 a takarda. Manomin ya ninke takarda ya sa aljihu, don bai iya karatun lamba ba. Ranar biya, kuɗin kilo 25 aka ba shi. Kilo 180 sun salwanta saboda ɗan ƙaramin zagaye guda da ba a rubuta ba.

Wannan zagaye shi ne sifiri: 0. In yana shi kaɗai, ma'anarsa babu. In ya shiga cikin lamba kuwa, aikinsa tsaron wuri ne.

Kowace lamba tana da ɗakuna, ana ƙirga su daga hannun dama. Ɗaki na farko na ɗai-ɗai ne. Na biyu na goma-goma. Na uku na ɗari-ɗari. A cikin 205, biyar tana ɗakin farko, biyu tana ɗaki na uku. Ɗakin tsakiya ba kowa, sai sifiri ya zauna ya riƙe shi. In aka ɗauke shi, biyu ta gusa ɗakin tsakiya, ɗari biyu ta koma ashirin.

Ga kuɗi ma haka ne. Faran 500 dala ɗari ce. Faran 5000 jika biyar ce. Sifiri guda a dama ya ninka kuɗin sau goma. A hagu kuwa, kamar 0500, bai ƙara ko dala ba.

Mutane sun daɗe suna lissafi kafin su sami wannan dabara. Rumawa ba su da alamar sifiri a lambobinsu. A shekara ta 628 wani masani na ƙasar Indiya, Barahmagubta, ya rubuta ƙa'idodin lissafi da sifiri. Wajen shekara ta 825 Alkawarizmi ya bayyana lambobin Indiya a birnin Bagadaza. Larabawa suka kira alamar sifr, wato wofi. Daga nan Hausa ta samo kalmar sifiri. Turawa sun koya daga baya: wani ɗan Italiya, Fibonaci, ya koyi lambobin a Bijaya ta ƙasar Aljeriya, ya fitar da littafinsa a 1202.

Aiki: kowane ɗalibi ya rubuta 37, 307 da 370 a allo, ya karanta su da ƙarfi, ya nuna ɗakin da sifiri ke tsaro. Wanda ke da tsohuwar takardar awo a gida ya zo da ita gobe.