Haɗa Kwamfutocin Ofis: Darasi Daga Zamanin Kati Ɗaya da Manhaja Biyu

Kwamfutar da ke zaune ita kaɗai a kan teburin akawu ba ta fi keken rubutu da na'urar lissafi da komai ba. Amfaninta ga kasuwanci yana bayyana ne ranar da aka haɗa ta da sauran kwamfutocin ofis, ta yadda mai kula da sito da mai karɓar kuɗi da manaja za su riƙa duba littafi guda. Darasin wannan mako zai yi nazarin yadda aka kai ga haka, da abin da ɗan kasuwa zai tsinta a ciki.

Kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a shekarar 1981, amma manhajar DOS da ke tafiyar da ita ba a tsara ta don sadarwa ba tun asali. Kamfanin Novell ne ya yi fice wajen cike wannan giɓi da manhajar NetWare, wadda ta fara fitowa a 1983. Akan sanya wa kowace kwamfuta katin sadarwa, a ja waya zuwa wata babbar kwamfuta mai ajiye takardun kowa. Ribar a fili take, domin firinta ɗaya kan wadatar da ofis baki ɗaya.

Sai dai NetWare tana aiki ne da ƙa'idar sadarwa mai suna IPX, alhali jami'o'i da cibiyoyin bincike suna amfani da TCP/IP, wadda hanyar sadarwa ta ARPANET, mafarin intanet, ta koma kanta ranar 1 ga Janairu, 1983. Kowace daga cikin manhajojin biyu takan riƙe katin ita kaɗai. Ma'aikacin da ke bukatar duka biyun ko dai a saya masa kati na biyu, ko kuwa ya riƙa kashe kwamfutar yana sake kunnawa. Bugu da ƙari, kilobayit 640 kacal DOS ke bai wa manhajoji su raba, don haka duk abin da sadarwa ta cinye, manhajar lissafin kuɗi ce ke rasa shi.

An warware matsalar ne cikin shekarun 1980 ta hanyar sanya ɗan tsakani tsakanin katin da manhajojin. Kamfanin FTP Software ya wallafa nasa tsarin, Microsoft da 3Com suka fito da NDIS, Novell da Apple kuma suka fito da ODI. Dabarar guda ce: kowane ƙunshin saƙo da ya iso ta waya yana ɗauke da lambar da ke nuna irinsa, sai ɗan tsakanin ya duba lambar ya miƙa shi ga manhajar da ta dace, kamar yadda ma'aikacin gidan waya ke rarraba wasiƙu bisa lambar akwati.

Ta fuskar tattalin arziki, wannan ya rage tsadar shiga kasuwa. Mai ƙera kati ya huta da biyan bukatar kowace manhaja daban, masu ƙira suka yawaita, mai saye kuma ya sami zaɓi. Daga bisani ƙa'idar da ba mallakin kowa ba ce ta yi rinjaye. Windows 95 ta zo da TCP/IP a cikinta a 1995, ita ma Novell ta rungume ta sosai a NetWare 5 a 1998, lokacin da kasuwa ta riga ta fara kufce mata. A 2011 aka sayar da Novell ga kamfanin Attachmate.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin manhajar lissafi ko ta kula da kaya, ya kamata ya yi wa dillali tambayoyi uku. Shin za ta yi aiki da kwamfutoci da firintocin da ke ofis a halin yanzu? Shin za a iya fitar da bayanan ciniki a kai su wata manhajar ba tare da wani sabon caji ba? Wane ne kuma zai iya gyara idan dillalin ya rufe shago? A nemi amsoshin a rubuce cikin yarjejeniyar saye, domin kayan da ke ɗaure mai shi ga kamfani guda, arharsu ta ranar saye ce kawai.