Gyambon da ke damtsen jikana

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ga hoton gyambon yaron nan. Kin ce wata uku ke nan: ya faro kamar cizon sauro, ya zama ƙurji mai tauri, sannan ya fashe, bakinsa ya yi tudu a zagaye, tsakiyar ta loɓa, ga shi ba ya masa zafi sosai. Tunda likita ya kankari gefensa ya duba, ya ce lishmaniya ce ta fata, to ki kwantar da hankalinki, ki saurari tsohon malamin asibiti.

Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, bai kai rabin sauro ba, ba a ma jin kukansa. Macen ce ke cizo, daga magariba zuwa asuba. A ramin ɓerayen daji take fakewa, daga jikinsu take ɗebo cutar. Cutar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Tun 1911 aka rubuta labarinta a Nijar, a Wagadugu kuwa har laƙabi suka yi mata, ciwon Waga 2000, sunan unguwar da ta yi ƙamari a cikinta.

Ga abin da nake so ki gane. A jikin mutum akwai wasu fararen ƙwayoyin halitta, likitoci na ce musu makrofaj, kamar masu gadi suke, aikinsu haɗiye duk baƙon da ya kutso su narkar da shi. Wayon wannan cuta shi ne ta bari a haɗiye ta, sai ta miƙe ƙafa a cikin mai gadin, tana hayayyafa. Haka za a yi ta tafiya har wasu ƙwayoyin, da ake kira T, su farga, su saki wani sinadari mai suna intaferon-gama. Shi ne ke zaburar da mai gadin ya hallaka abin da ya haɗiya. Kafin a kai ga haka akan kwashe watanni. Ramin nan da ke tayar miki da hankali, yawancinsa ɓarnar faɗan ce: garkuwar jikin yaron ke cin fata tare da cutar.

Shi ya sa nake roƙonki, kada ki bari a zuba masa ruwan batir ko a yi masa sakiya. Na taɓa ganin yarinyar da aka yi wa haka a kunci. Tabon ƙunar ya ninka na ciwon. Garin kafso ma ba ya taɓa wannan cuta, asarar kuɗi ce kawai.

Wanda ya warke, da wuya irin wannan ta sake kama shi. Mutanen Bagadaza sun daɗe da lura da haka. Sukan ɗebi ruwan gyambo su sa wa yara a wurin da tufa ke rufewa, don kada watarana ta fito a fuska. Ban ce ki gwada ba fa! Na faɗa ne don har yau babu allurar rigakafinta ga ɗan Adam, abin da jiki ya koya da kansa ne ke kare shi.

To amma jikin da ke fama da yunwa ko cutar ƙanjamau ba ya iya wannan faɗa yadda ya kamata. Ki ciyar da shi wake, ƙwai, madara, zogale, gwargwadon hali. Ki wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ki rufe da bandeji. Gidan sauro mai magani za ki rataya, don ƙwaron kan bi ta ramukan wanda ba shi da magani.

In kin ga gyambon na ƙara faɗi, ko wasu sun fito, ko ya taɓo fuska ko gaɓa, ki koma wurin likita ba tare da jinkiri ba. Akwai allurar da ake yi a gefen mikin. Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan abokina.