Daskararre, Narkakke da Tururi: Darasi Daga Kwalbar Man Shanu

Darasinmu na wannan fitowa daga ɗakin mahaifiyarka zai fara. Je ka dubi kwalbar man shanu da safiyar hunturu, za ka same shi a daskare, sai an sa cokali an yanko. Ka koma da bazara, rana tsaka, ga shi nan ya narke yana malala. Ba wanda ya ƙara masa komai, ba wanda ya rage. To me ya canja?

Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya taɓa cin karo da wannan bambanci, a mas'alar ɓeran da ya mutu cikin mai ko zuma. In narkakke ne, ba a ci ko kaɗan. In daskararre ne, a cire ɓeran da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Hukuncin mun bar wa ajin fiƙihu. Abin da muke nema a nan shi ne dalilin da ya sa ɗabi'ar biyun ta saɓa.

Ka sani cewa kowane abu, da dutse da ruwa da iskar da kake shaƙa, tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. In ka so rubuta adadin waɗanda ke cikin ɗigon ruwa guda, sai ka sa 1 ka jera mata sifiri 21, kuma ba ka ƙure ba. Waɗannan ƙwayoyi suna jan juna, sannan ba sa daina motsi. Abin da muke kira zafi kuwa, ƙarfin wannan motsin ne. Saboda haka kullum kokawa ake tsakanin ja da motsi, wanda ya rinjaya shi ke nuna halin da abu zai kasance.

A daskararren abu, wanda littattafan Larabci ke kira jamidi, ja ne ya yi rinjaye. Ka tuna almajirai a kan tabarma, kowa da allonsa, kowa yana rangaji gaba da baya, amma ba mai barin gurbinsa. Haka ƙwayoyin ƙarfe da gishiri da ƙanƙara suke, makyarkyata suke yi a inda suke. Shi ya sa dutse ke riƙe siffarsa duk inda ka ajiye shi.

Da an ƙara zafi, rangajin ya tsananta har sahu ya ɓaci. Yanzu sun zama kamar ɗalibai a bakin ƙofa lokacin tashi: kafaɗa na gugar kafaɗa, ba tazara, amma kowa na kutsawa yana sauya maƙwabci. Wannan shi ne sa'ili, wato abu mai ruwa-ruwa. Mudun ruwa mudu ne ko a buta ko a ƙwarya, siffa ce kawai take bin mazubi. To ka ga amsar tambayarmu: abin da ya faɗa cikin narkakken mai, ƙwayoyi masu yawo za su kwashe shi su kai ko'ina, a daskararre kuwa kusa yake tsayawa. Risalar ma ta kawo maganar Sahnunu cewa in ɓeran ya daɗe a ciki, duka ake zubarwa. Ni a ganina wannan lura ce mai kyau, domin man shanu ko ya daskare ba dutse ba ne, akwai ɗan narkakken mai a tsakankaninsa da abu zai iya bi a hankali.

Kada gero ya ruɗe ka. Ana zuba shi, yana bin siffar buhu, amma kowane tsaba daskararre ne, tsabobin ne ke gangarawa kan juna.

Hali na uku shi ne gas, irin su iska da tururi. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, yana tafasa a 100 in a gaɓar teku ne. A tudu irin na Jos ba ya kaiwa 100 yake tafasa, don iskar da ke danne shi ta ragu. Idan ya zama tururi, ƙwayoyin sun kuɓuce wa juna ke nan, kamar yara an buɗe musu fili. Ruwan kofi ɗaya yakan zama tururin da zai cika kofi kusan 1,700. Ƙwayoyin iskar ɗakinka suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa guda. Za ka ce, to don me ƙanshin turaren wuta ke ɗaukar lokaci kafin ya iso zaure? Don suna ta karo da juna ne, kowace ta yi nan ta yi can, ba mai tafiya miƙe.

A nan nake son ka natsu, domin maganar ta shafi rai. Gas ba ya zama inda aka ajiye shi, duk wurin da ya samu sai ya game shi. Wanda ya shigar da kaskon gawayi ɗaki saboda sanyi, ya rufe ƙofa da taga, gawayin yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana cika ɗakin, mai barci ya shaƙa, wani ba ya farkawa. Haka jarkar fetur da aka bari a rana: ka gan ta ta kumbura, ƙwayoyin da suka tashi ne ke dukan bangonta daga ciki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har ya iske fitila ko murhu a ɗaya gefen tsakar gida. In ana ajiye fetur a gidanku, ka gaya wa manya wannan cikin ladabi.

Wataƙila ka ce, Malam, abin da ba a gani ta yaya aka san yana motsi? A 1827 wani masanin tsirrai mai suna Robert Brown ya duba ɓurɓushin garin fure cikin ruwa da madubin ƙara girma, ya ga suna ta ɓari ba tsayawa, ya rasa dalili. Sai a 1905 Albert Einstein ya yi lissafin da ya nuna ƙwayoyin ruwa ne ke tunkuɗarsu ta kowane gefe, bayansa Jean Perrin na Faransa ya auna ya tarar lissafin daidai ne.

Kai ma gwada naka kafin fitowa ta gaba. Samo kofin gilashi biyu, ɗaya ka zuba ruwan randa, ɗaya ruwan zafi, ka bari su kwanta. Ɗiga ruwan zoɓo kaɗan a kowane, kada ka juya. Duba wanda jan ya riga gamewa, ka rubuta dalili a littafinka, ka kawo mini ranar Asabar.