Daga Tazargade Zuwa Birnin Sin: Darasin Wannan Mako



Mu a nan Bunkure ba a ba mu labarin sauro. Ruwan madatsar Tiga da ke bin magudanai ya ba mu shinkafa da tumatir rani da damina, amma shi ne kuma ya sa sauro ba ya tafiya hutu. Duk zango sai mun ga kujerar wani babu kowa saboda zazzaɓi. Idan aka je asibiti aka gwada jini, yawanci ƙwayoyin nan na kwana uku ake bayarwa, irin su Coartem. Mu nawa ne muka san cewa asalinsu ganye ne, kuma daga littattafan maganin gargajiyar ƙasar Sin aka gano shi?

A shekarar 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, domin tsohon maganin ya fara gazawa. A 1969 aka ɗora wata mata mai suna Tu Youyou a kan wani ɓangare na aikin. Ta karanci haɗa magunguna na zamani a Beijing, sannan ta ƙara da karatun maganin gargajiya. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. A ciki akwai wani ganye da Sinawa ke kira qinghao, ɗan uwan tazargaden da iyayenmu suka sani.

Da farko ganyen ya ƙi ba da sakamako tsayayye: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga littafin wani masani mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Ta lura cewa shi jiƙa ganyen ya ce a yi, a matse ruwan a sha, bai ce a dafa ba. Nan ta gane ashe zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Ta sauya hanyar tacewa zuwa mai ƙarancin zafi, kuma a 1971 abin da aka tace ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye, daga baya birai. A 1972 ita da wasu abokan aikinta suka sha da kansu kafin a bai wa marasa lafiya. Sinadarin shi ne atemisinin, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

A kula: wannan ba ya nufin a jiƙa tazargade a bai wa yaro mai zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka, domin babu wanda ya san adadin sinadarin da ke cikin kofi ɗaya, kuma shan kaɗan yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. A tafi asibiti.

To, mai son ya je can ya karanto fa? Akwai jami'o'i na musamman, kamar ta Beijing da aka kafa a 1956, kuma suna karɓar baƙi. Digirin farko shekara biyar ne. Ana koyon sanin tsirrai, duba harshe, jin bugun jijiya da tsira siraran allurai, tare da ilimin jikin ɗan Adam irin na zamani. Har ƙaho suna yi, kusan irin na wanzamanmu. Wanda ke gudun Kimiyyar Sinadarai da Bayoloji tun yanzu, ya san can ma suna jiransa.

Babban dutsen shi ne harshe. Da Tu Youyou ba ta iya karanta tsohon rubutu ba, da kalmar jiƙawa ta wuce ta. Akwai jarrabawar Sinanci da ake kira HSK, kuma ana koyar da harshen a cibiyoyin Confucius na Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka. Sauran kuwa a kasuwa da gidan abinci ake koyonsa, ba a ɗakin kwana ba. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui, akwai tsohon masallacin Niujie a Beijing, kuma gidajen abincin halal suna da alamarsu a ƙofa. Tuwo dai sai an dawo gida. Sanyin Beijing kuwa har ruwa yake daskarewa, hunturunmu wasa ne.

Aikin wannan mako: kowa ya tambayi kakarsa ko wani dattijo sunan ganye uku, kamar sabara, marke ko darbejiya. A rubuta abin da ake yi da su, wane sashe ake ɗauka, kuma jiƙawa ake yi ko dafawa. A kawo wa ƙungiya kafin ranar Alhamis.