Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke ɗaukar nauyin jami'o'in Methodist?

Wannan tambaya daga Badun take, daga wani mazaunin Sabo mai sayar da wake a Kasuwar Bodija.

To, Alhaji, ta kusa da kai ita ce Jami'ar Wesley da ke Ondo, mallakar Cocin Methodist na Najeriya, ta samu lasisi a 2007. Fitacciyar kuwa tana Mutare, Zimbabuwe: Africa University, wadda aka buɗe a 1992 da ɗalibai 40. Don ɗaukar nauyinta, duk shekara akan yanka wa majami'un Methodist na Amurka abin da za su bayar, kamar dai karo-karon da kuke yi a layin 'yan hatsi. Ga kuma asusun masu hannu da shuni, tamkar waƙafi: ba a taɓa uwar kuɗi, da ribar ake tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi.